Maƙalar da nake nema tana cikin akwatin Baffa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana, ƙauyenmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi raina a ɓace yake.

Ni 'yar wani ƙauyen Hausawa ce kusa da Abu Na'ama a ƙasar Sudan, ina digiri na biyu, bincikena a kan sana'ar mata ne ta cikin gida, su kunu da ƙuli-ƙuli da sauransu. A ƙarshen wani tsohon littafi na ci karo da sunan wata maƙala, ga marubuciya, ga shekara, ga mujalla, shafi kaza zuwa kaza, kuma a cikin taken har da sunan ƙauyenmu. Wata Baturiya ce ta rubuta tun ba a haife ni ba. Malamin da ke duba aikina ya ce shi ba ya karɓar an ce an ce, ko in kawo maƙalar sukutum ko in cire babin gaba ɗaya.

Babu inda ban nema ba. Netwok a wurinmu sai an hau tudun bakin gona, nan nake tsayawa da waya a sama kamar mai kiran kaji. Na samu shafin mujallar, amma shafi na farko kawai suke nunawa, sauran sai jami'ar da ta yi rajista da su, tamu kuwa laburarenta a rufe tun da yaƙi ya taso. Na tura wa marubuciyar imel, ya dawo mini. Ƙawata da ke waje ta duba nasu laburaren, ta ce kundin wannan shekarar ne kaɗai babu.

Abin haushin shi ne maƙalar tana gidanmu. Baffana, yayan mahaifina, yana da wata takardar Turanci naɗe a farin ƙyalle cikin akwatin littattafan marigayi kakanmu. Duk Sallah sai ya fito da ita ya nuna wa baƙi daga nesa, yana cewa ga shaidar Turawa cewa mahaifinsa ne ya sari garin nan. Ba ya bari a taɓa. Shi ba ya karanta Turanci, samarinmu kuma Larabci suka fi ji, haka aka tafi shekara da shekaru ana jinjina kai. Sallar da ta wuce na matsa kusa da sunan kawo shayi, na ga bangon da idona. Suna ɗaya, shekara ɗaya, take ɗaya. Kuma a shafin farkon da nake da shi babu sunan kakanmu ko sau ɗaya, godiyar duka ga matarsa aka yi, kakata mai kunu, wai ita ta koyar da marubuciyar komai.

Na same shi shi kaɗai, na durƙusa, na ce Baffa hoto kawai zan ɗauka a gabanka, ba zan fita da ita ba. Ya ce mini, "Halas, zance ya ƙare, takardar maza ce wagga, mi ɗiya mace za ta yi da ita?" Da na ce ai batun sana'ar mata ne a ciki, sai ya tashi da faɗa, wai jami'a ta koya mini raina manya, wai so nake in mayar da ubansa mai tallan kunu, in ina so in je in roƙi Turawan nawa. Tun ranar ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa.

Yanzu 'yarsa, wadda muka tashi tare, ta ce ta san inda mabuɗin yake, ranar da ya tafi kasuwa za ta ɗauko mini hotunan. Mahaifiyata ta ce kul, tun rasuwar babanmu Baffa ne ke tsaya mana a kan gonar, in abin ya fito zumunci ya tsinke, kuma yarinyar ce za ta sha wuya. Gaskiya ta faɗa, na sani. Amma ranar da aikina ya fito da sunan Kaka a ciki ai dole ya gane, ko ta ina na samo.

Kaka tana nan da rai, idonta ya tafi, ƙafa ma ta daina. Jiya na tambaye ta Baturiyar. Ta yi dariya har da tari, ta ce ta tuna ta sarai, doguwa, ta ƙone hannu wurin damun kunu. Ashe ba ta taɓa sanin an rubuta komai ba.

To jama'a me zan yi? In bari a ɗauko a ɓoye, ko in tara dangi in faɗi abin da ke bangon takardar, ko in cire babin in haƙura? Na fi kusa da haƙura, sai jiyan da zan fita daga ɗakin Kaka ta riƙo zanena ta ce, "To ke mai boko, mi Baturiyar ta ce na ce?"