Lamba Sha Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

An fara gwajin. Ɓeraye arba'in: ashirin na cin abinci zalla, ashirin an gauraya musu da sinadarin ruwan matsarmama. Dakta, mai binciken, tana son ta ga yadda zai taɓa kitsen jininsu, mai kyau da mugun. Ni nawa awo da sharar keji. Na ɗan lasa garin sinadarin. Wayyo, ɗaci kamar me!

Talata, 11 ga Maris

Na rukunin ɗaci suna ramewa. Lamba sha huɗu, mai yagaggen kunne, ya fi kowa. Sai ya kama ƙarfen keji ya zuba mini ido. Na sa masa suna Alaramma, don ya cika zama shiru.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ba shi ƙwaya uku na abinci zalla. Uku kacal.

Laraba, 26 ga Maris

Kullum yanzu. A aljihun rigar aiki nake ɓoyewa. Shekara tara ina aikin nan, na san haramun ne. Na sani!

Juma'a, 4 ga Afrilu

Sakamakon jini ya fito. Kitse mai kyau ya faɗi warwas a duk rukunin, ban da Alaramma. Dakta har da tafi. "Yaya, wannan ɓeran na daban ne! Hantarsa zan fara dubawa." Tana ce mini Yaya don na girme ta. Ni na riƙe shi aka yi masa allurar kashewa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Dakta ta ce a kansa za ta gina babi guda na rahotonta. Babi a kan ƙaryata. Maigida ya ce, "Ki ja bakinki, wa ya gan ki?" Ko abinci na kasa ci.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon takardun, sannan ta ce, "Wa kuma kika ba?" Na rantse shi kaɗai. Ta ce ba za ta iya rubuta rantsuwa a rahoto ba. An soke gwajin duka. Sauran talatin da taran, sun mutu a banza.

Litinin, 21 ga Afrilu

Ba a kore ni ba. An kawo sababbi arba'in, su ma ƙarshensu ɗaya, kuma ni na jawo musu. Na ɗinke aljihun rigar. Akwai wani ƙarami a keji na uku mai kama ƙarfe yana kallona. Giram sha tara. Lamba ashirin da biyu. Abin da na rubuta ke nan, ban sa masa suna ba.