Na Taɓa Yare Huɗu, Ban Iya Ko Ɗaya Ba

Anti Rekiya, don Allah ki agaje ni, kaina ya ɗaure.

Ni 'yar Zurmi ce, bara na gama difloma ta kwamfuta a Kaura Namoda. Gonar Baba ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga, yanzu yayana Rilwanu, direba a hanyar Shinkafi, shi ke riƙe da gidanmu. Shi ya saya mini kwamfuta, har yana gaya wa 'yan tasha wai ƙanwarsa za ta riƙa haɗa manhaja.

Matsalata yarukan rubuta manhajar nan ne. Malaminmu ya ce Java ce uwa, na kama. Wani ɗan ajinmu, Mubashir, ya ce an bar wannan, in koma Python, na koma. Na leƙa JavaScript, ita kam ta yi mini daɗi, don abin da na rubuta nan take nake ganinsa a allo. Sai wata ta ce wasan yara ce, na tsallaka C++, nan na yi kuka. Ga sabis ɗinmu na intanet yau akwai, gobe babu. Kwanan nan kuma na ji wai inji mai ƙirƙirarriyar basira ke rubuta komai, koyon ma ɓata lokaci ne. Yaya ya ce in nuna masa aikina bayan kaka. Me zan nuna? Ko dai ba ni da kan abin ne?

Mai neman mafita, Zurmi

'Yata, kanki lafiya lau. Taura biyu ba ta taunuwa, ke kuwa huɗu kika cusa a baki.

Malaminki bai yi ƙarya ba, Python ɗin Mubashir ma ba laifi: Java da Python duk ana cin abinci da su. Amma kin faɗi wadda ta kwanta miki, kuma JavaScript ba wasan yara ba ce, da ita ake gina shafukan intanet. Ki riƙe ta ita kaɗai daga nan har kaka. Ranar da sabis ya samu ki sauke darussa, ki yi ta bita ko ya ɗauke. Ki gina abu ɗaya ƙarami, ki kai shi ƙarshe, ko da shafin shagon wata ƙawarki ne. In kin ƙware a guda, na biyu ba zai ba ki wuya ba.

Batun inji gaskiya ne, yana rubutu, yana kuma kuskure. Sai wadda ta iya ce za ta gane inda ya kauce.

Shi kuma Rilwanu, kada ki jira kaka. Ki zaunar da shi ki faɗa masa kin yi 'yan kame-kame, amma yanzu kin tsai da shawara. Wanda ya yarda da ke tun ba ki fara ba, ba zai guje ki don kin faɗa masa gaskiya ba.

Allah Ya buɗa miki, Ya kawo mana zaman lafiya.