Dakta a Fannin Awara

Whitechapel, Talata

Uwata Jamilatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Tunda kin yi blocking ɗina, na koma biro kamar ɗan firamare, inda dama karatuna ya tsaya.

Na san na yi ɓarna a jami'arku ta Aldwych. Amma ki duba: shekara da shekaru kina cewa kina binciken mutanen Avar, mahaya dawakin zamanin da, ni kuwa kunnena awara yake ji. Da kika gama lacca aka ce a yi tambaya, zauren ya yi tsit, na tausaya miki. Shi ne na miƙe na bayyana wa Turawa mece ce awara, na ce ga dakta a kanta amma ko suya ba ta iya ba. Ai sun yi dariya! Har farfesarki.

Yaushe ne graduation? Na kai shadda ɗinki.

Naki,
Baba

Aldwych, Juma'a

Baba,

Ina gaisuwa. Mutanen da ka mayar abin suya su suka yaɗa likkafar ƙarfe a Turai, suka yi wa birnin Kustantiniya ƙawanya. A zauren nan akwai waɗanda za su ɗauke ni aiki. Yanzu a department ana kirana da sunan da ka raɗa mini.

Farfesa ta tambaye ni wane ne kai. Na ce wani dattijo ne daga unguwarmu, kansa ba daidai ba. Ta tausaya maka ƙwarai.

Tikiti biyu aka ba ni. Ɗaya na Mama, ɗaya na ƙaninka, Baffa Uwaisu. Shi na riga na nuna musu a matsayin mahaifina.

Ka huta lafiya.
Jamilatu

Whitechapel, Lahadi

Uwata,

Saƙo ya iso. A laccar kin ce mahayanki da gudu suke harbi, suna juyowa ta baya. Lallai kin yi karatu a wurinsu.

Shaddar na aika wa Uwaisu, sai a rage tsawo. Ki ce ya cire gilashi wajen hoto, mun fi kama haka.

Ban haƙuri kuwa, kina bina bashi. Duk sanda na zauna rubuta shi sai ya fito da wasa, in yage. Ina nan ina gwadawa.

Allah ya yi miki albarka.
Dattijon unguwarku