Zogalen da ke taga ba nawa ba ne

Bilƙis,

Na tafi ganin likita a Lewisham, ban tashe ki ba. Amma akwai magana.

Da safe na je ba zogalena ruwa, sai na tsaya ina kallonsa. Sati uku kacal na yi a Funtuwa. Na bar shi iya gwiwa, yau ga shi har ƙuguna, a wannan sanyin na London. Jan zaren da na ɗaura masa yana nan, amma ƙullin ba nawa ba ne. Na tura yatsa cikin ƙasar, babu ɓawon ƙwan da nake zubawa, sai fararen tsakuwoyi irin waɗanda na gani ranar da kika zaga da ni ɗakin gilashi a lambun da kike aiki. A gindin tukunyar kuma na tsinci 'yar roba mai lamba.

'Yar nan, ina zargin nawa ya mutu a hannunki, kika ɗauko na mutane don kar raina ya ɓaci. Ke da bakinki kika ce kowane tsiro a can an san da zamansa.

In haka ne, ki mayar da shi yau, ki gaya wa shugabarku gaskiya kafin su nema. Ko ganye ɗaya ban tsinka ba. Zogale zan sake shukawa, akwai sauran iri a gwangwanin madara. Aikin da kika shekara biyu kina nema fa?

Kununki na cikin filas.

Kakarki