Kwalekwalen da Na Riƙe

Yaya Adamu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Falmata da yara. Ya sanyin Jos? Ya ƙafar taka? Mu nan lafiya lau.

Ka ji na zo na uku a gasar iyo da keke da gudu da matasan Nguru da Gashuwa suka shirya. Yaya, ban cancanta ba. A tsakiyar kogi numfashina ya ƙare, sai na kama kwalekwalen Malam Bukar, masuncin da aka sa ya tsare mu. Ya tuƙa ina riƙe da shi har kusa da gaɓa.

Baba ya rataye lambar yabon da aka ba ni a zaure, kowa ya shigo sai ya nuna masa. Jiya Malam Bukar ya zo gaisuwa. Baba ya ce, "Ka ga aikin ɗanka?" Ya dube ni ya ce, "Na gani, Alhaji." Na kasa ɗaga kai.

Gobe zan kai wa wanda ya zo na huɗu lambarsa. Faɗa wa Baba nake tsoro. Ka sa ni a addu'a, ka gaida su Ummi.

Ƙaninka,
Modu