Ku Buɗe wa Marayun Musbahu Tokin Ubansu

Zuwa ga shugabannin kasuwar intanet da ake sayar da zane-zane a cikinta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni ce yayar marigayi Musbahu, mai zane a Zaitawa, cikin birnin Kano. Na fito bainar jama'a ne don na gaji da magana da na'urarku mai ba da amsa, kuma abin da na gani ya fi ƙarfin in yi shiru.

Sana'ar Musbahu ita ce bin tsofaffin gidaje daga Dala har Ƙofar Mazugal, ya zana adon bangonsu, ya gyara a kwamfuta, ya sayar a kasuwarku. Ba naira kuke biyansa ba, tokin ɗinku kuke ba shi, wato kuɗin intanet na kasuwarku. Kuka kuma kwaɗaita masa ya kulle tokin na wata shida, ku riƙa ƙara masa lada a kai. Na sha yi masa tsiya, ina cewa ban taɓa ganin dukiyar da ba a iya taɓa ta ba. Sai ya yi dariya ya ce kuɗin karatun 'ya'yansa yake tarawa. Ya rasu bayan Babbar Sallah, ya bar mata da yara uku.

Na farko. Da malamin da zai raba gado ya ce a tattaro dukiya, muka buɗe wayarsa. Wa'adin kullewar ya cika yana cikin kabari. Ashe a tsarinku, idan mutum bai danna ya ce a buɗe ba, to ya yarda a sake kullewa ke nan. Mamaci ya yarda? Har da saƙon taya murna kuka turo masa, wai kun gode da amincinsa. Matarsa Rabi ce ta fara ganin saƙon, tana cikin takaba, ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

Na biyu. Kun sanar za ku saye tsohon tokin daga hannun mutane zuwa ƙarshen watan nan, daga nan ku daina karɓarsa, ku fito da sabo. Amma wanda yake a kulle ba ya cikin cinikin. Wato ku kuka kulle, ku ne kuma kuka ce ba ku sayen abin da ke kulle. Ladan da kuke ta zuba masa ma da wannan tsohon tokin ne. Idan wata ya ƙare a haka, gumin shekarun Musbahu ya zama lambobi kawai a fuskar waya, marayunsa sun tashi a tutar babu.

Na uku, wanda har yau in na tuna sai in riƙe baki. Na tura muku takardar shaidar rasuwa daga asibiti, da ta mai unguwa, da hotunan yaran. Amsar da ta dawo ita ce, mai asusun ya tsaya gaban kyamara ya juya kai dama da hagu, ya ƙifta ido. Na zaci ba a karanta ba ne, na sake turawa. Amsar ba ta canja ba. Ranku ya daɗe, ni na rufe wa ƙanena ido da hannuna. Wane ido zai ƙifta muku?

Malamin ya ce ba zai raba abin da ba ya hannu ba, kuma yana da gaskiya. Gado ya tsaya, yara suna gida babu kuɗin makaranta.

Don haka ina roƙonku, don girman Allah, ku soke wannan kullewar da aka yi bayan rasuwarsa, ku sa tokin Musbahu cikin waɗanda za ku saya tun kafin wa'adi ya wuce. Ku sa mutum mai rai, ba na'ura ba, ya duba takardunmu. Ku kuma fito da hanyar da magada za su bi, don ba kan Musbahu aka fara mutuwa ba.

Ba na yi muku mugun fata. Allah Ya sa ku gama lafiya, Ya albarkaci kasuwarku, Ya raya muku zuri'a. Ranar da taku ta zo, Allah Ya sa kada a ce wa 'ya'yanku sai sun kawo fuskarku.

Wassalam.

Yayar marigayi,
Zaitawa, Kano.