Hirar Daddawa da 'Yar Fari

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Ina jikin Alhaji, ina yara, ina zaman Legas? Mu nan Bungudu lafiya lau.

'Yarki mai koyon aikin jarida a jami'a, an ce kowa ya kawo labari a buga, sai ta zaɓi daddawata. Kin san 'yar fari ce, ban taɓa zama hira da ita ba. Ta ce, "Inna, in kin yi shiru zan faɗi jarrabawa." Sai na juya mata baya, tana tambaya ina ba tukunyar kalwa amsa.

An buga, amma da Turanci, kuma nauyin tambayarta nake ji. Za ta turo miki a waya. Don Allah ki karanta mini, me ta ce na ce?

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarki,
Asabe